Tsohuwar mashayar unguwa: yaya za a gyara ta ba a kori masu zamanta ba?

Mai_Zanen_Ciki:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, daga masu sana'a da ma waɗanda ba sana'arsu ba ce. An ba ni aikin sake tsara cikin wata ƙaramar mashaya, girmanta bai wuce murabba'in mita 60 ba, kuma ta haura shekara 30 a wurin. Mai ita ya tsufa ya miƙa wa 'yarsa, ita ce ta kira ni.

Unguwar a da ta leburori da kanikawa ce, duk garejoji ne da ɗakunan ajiyar kaya. Yanzu an mayar da yawancinsu gidajen haya masu tsada, matasa ma'aikatan ofis sun cika ko'ina, ita ma an ƙara mata kuɗin haya. Cinikin tsofaffin kwastomomi ba zai riƙe wurin ba. Sababbin kuma ta bakin ƙofa suke wucewa ba sa leƙowa, don an shafe tagogin da fenti, ciki duhu, fitilu biyu ne dogaye irin na asibiti. Akwai doguwar kanta, benci a jikin bango, teburi 7, talabijin ɗaya, da hotuna da suka koɗe.

Abin da ta ce min shi ne tana so sababbi su shigo, amma ba ta son ranar da za ta waiwaya ta ga dattawan da suka yi shekara 20 suna zama sun daina zuwa. Zane biyu na yi, duka na yaga. Na farko ya fito kamar kowane sabon wuri da kuke gani a Instagram, na biyu kuma kamar ban taɓa komai ba. Me zan bari, me zan cire?

Tsohon_Kafinta:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki sake ɗaukar fensir ki amsa min wannan: kantar katakon gaske ce ko fomeka aka manna mata? In katakon gaske ce, kada ki bari kowa ya kusance ta da guduma. A bi ta da samfefa sama-sama, a shafa mai, a bar wuraren da gwiwar hannun mutane ta cinye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai_Zanen_Ciki:
Katakon gaske ce Baba, mai kauri ma. Sai dai ƙasanta ta gefen wurin wanke kofuna ya fara ruɓewa.

Dattijon_Kirki:
Ni dai ban ga dalilin da zai sa mu zauna muna ba da shawarar yadda za a ƙawata wurin shan giya ba.

Shugaban_Zaure:
An ji ka Malam, kuma ba wanda zai hana ka ra'ayinka. Amma zauren nan na masu zane ne da magina, kuma akwai mutane iri-iri a ciki. Tsayin kanta, haske da ƙara lissafinsu ɗaya ne ko kofi ake sayarwa ko lemo. Wanda maganar ba ta yi masa ba ya tsallake ta. A ci gaba.

Gaskiya_Ɗaci:
'Yar'uwa, taura biyu ba ta taunuwa. Ku masu zane kun ɗauka launin bango ne ke korar mutum. Ba shi ba ne, aljihu ne. Duk kuɗin da za a kashe a gyaran nan daga ina za a mayar da shi? Daga kofin da ake sayarwa. Ranar da abin sha ya ninka kuɗinsa, ko da zinariya kika shafe bencinsu dattawan nan ba za su dawo ba. Ki yi mata abin da zai kawo masu kuɗi, ki karɓi ladanki, ki daina wahalar da zuciyarki.

Malamar_Zamantakewa:
@Gaskiya_Ɗaci rabin maganarka gaskiya ce. Abin da ke faruwa a unguwar nan ba sabo ba ne. Tun a 1964 wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta bayyana shi a Landan: masu hali suna saye gidajen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, har a wayi gari mutanen asali sun watse, fuskar unguwar ta sauya gaba ɗaya. Mai zane ɗaya ba za ta tsayar da wannan ba, na yarda.

Inda na saɓa da kai shi ne, mutane kan daina zuwa wuri tun kafin farashi ya kore su. Mutum zai tsaya a bakin ƙofa, cikin daƙiƙa biyar ya karanta ko wurin nasa ne ko ba nasa ba. Kujera ce ke gaya masa, da haske, da irin kiɗan, da ko an rubuta farashi a fili ko sai ya tambaya a gaban mutane. Wani masanin Amurka, Ray Oldenburg, ya kira irin waɗannan wurare "wuri na uku" a 1989, wato ba gida ba, ba wurin aiki ba. Cikin siffofin da ya lissafa akwai cewa wurin ba ya da ƙyale-ƙyale, hira ce babban abin da ake yi, kuma masu zuwa kullum su ne ke ba shi halinsa. Ku lura da na ƙarshen. Dattawan nan ba matsalar da za a lallaɓa ba ce, su ne abin da sabon wurin da za a buɗe a layi na gaba ba zai iya saye ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Malama, mai gidan haya ba ya karɓar "hali" a ƙarshen wata.

Bayan_Kanta:
Na yi shekara 11 ina aiki a bayan kanta a wurare uku, bari in sa baki. Biyu daga cikinsu an gyara su ina nan. Na farko an rufe shi wata huɗu. Da aka buɗe ya yi kyau kamar a hoto, amma cikin mutum goma sha da nake haɗa wa abin shansu tun kafin su zauna, uku ne suka dawo. Ba fushi suka yi ba, a cikin wata huɗun nan ƙafarsu ta saba da wani wuri. Na biyu kuwa kashi-kashi aka yi aikin, ana rufe rabi ana ciniki a rabi, ba a taɓa rufe ƙofa sama da kwana biyar ba. Har masu zuwan suka zama 'yan sa ido, kullum suna gardama da mai fenti. Babu wanda muka rasa.

Sai maganar awo, tunda ke mai zane ce kin sani amma bari in faɗa don wasu. Kanta takan kai santimita 105 zuwa 110, kujerarta kusan 75, a bar tazarar 25 zuwa 30 don cinya, kowane mutum a ba shi faɗin 60. Bayan kanta a bar wa ma'aikaci aƙalla 90, in mutum biyu ne za su riƙa giftawa a ƙara. Kada a manta da ƙarfen ɗora ƙafa a ƙasa, shi ne ke sa mai tsayuwa ya daɗe bai gaji ba.

Abin da ya fi ɓata min rai a gyaran zamani shi ne dogayen kujerun nan marasa majingina da ake cika wuri da su. Mai shekara 65 da ciwon gwiwa ba zai hau ba. Ba sai an ce masa tafi ba, kujerar ta riga ta faɗa. Ki bar teburi na ƙasa, santimita 75, da kujeru 45 masu majingina, wasu ma da hannu don a dafa a tashi.

Tsohon_Kafinta:
Allah ya yi maka albarka Bayan_Kanta. Bari in ba ku labarin abin da ya sa na tambayi kantar. An taɓa kirana wani aiki irin wannan. Na isa na tarar an fasa tsohuwar kanta an jefar a bola, katako mai kyau wanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samun irinsa. Aka kawo min sababbin falankai, yaron da ke kula da aikin ya miƙo min sarƙa ya ce in riƙa dukansu da ita, in ƙona gefensu kaɗan, wai don su yi kama da tsofaffi. Na dube shi na dubi bola. Na yi aikin don ina da iyali, amma har yau in na tuna sai na girgiza kai.

Ruɓewar da kika ce ba komai ba ce. A yanke wurin, a sa sabon katako mai jure ruwa, a ɗaga shi daga daɓe kaɗan, a gyara famfon da ke ɗiga don shi ne mai laifin.

Ɗan_Lantarki:
Anti, fitilun asibitin nan su ne abu na farko da za su tafi, kuma shi ne gyara mafi arha da zai fi sauya wurin. Irin wannan farin hasken yakan kai kelbin 6,500 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske), shi ya sa fuskar kowa ke zama kamar marar lafiya. Ki nemi ƙwan LED mai kelbin 2,700, shi ne launin tsohon ƙwan nan mai zafi. Harshen kyandir bai kai 2,000 ba, don ki gane inda ma'aunin ya dosa. Ki duba kwalin kuma ki ga lambar ingancin nuna launi ta kai 90.

Kada a haska wurin daga sama da fitila ɗaya. Ƙananan fitilu da yawa, a jikin bango, a kan teburi, a saman kanta ƙasa-ƙasa, sai a bar wasu lunguna da ɗan duhu. A raba layin wuta gida uku ko huɗu, kowanne da makunni mai rage haske, don da yamma a ƙara, dare ya yi a rage. Gargaɗi ɗaya: ba kowane ƙwan LED ne ke karɓar irin wannan makunnin ba, in ba su dace ba zai riƙa ƙifce-ƙifce yana ƙugi. A gwada ɗaya kafin a sayi kwali.

Bayan_Kanta:
Amma kada a wuce gona da iri wajen duhun. Idon dattijo yana buƙatar haske fiye da na matashi. Na sha ganin mutum ya kunna fitilar wayarsa don ya karanta takardar farashi, yana jin kunya. Kuma ni ma ina buƙatar in ga canjin da nake bayarwa.

Sabuwar_'Yar_Haya:
To bari ɗaya daga cikin "sababbin" da ake ta zagi a fakaice ta yi magana, lol. Ni ma na tare a irin wannan unguwar shekara biyu da suka wuce, kuma ba don ina da kuɗi ba, inda nake a da ne ya fi ƙarfina. Akwai irin wannan wurin a layinmu, na yi wata takwas ina wucewa ban shiga ba. Dalili ɗaya ne: ba na ganin ciki. Mace ita kaɗai ba za ta tura ƙofar da ba ta san abin da ke bayanta ba. Ranar da wata ƙawata ta ja ni muka shiga, sai na tarar mutanen kirki ne, har wani dattijo ya tashi ya ba mu teburinsa.

Don haka ki kankare fentin tagogin nan. Na biyu banɗaki. Mu mata da shi muke yanke wa wuri hukunci: akwai haske a hanyarsa? Sakata tana aiki? Sai an ratsa ta tsakiyar maza goma kafin a kai? Ba ruwana da bangon bulo tsirara ko ƙwan fitila mai zare a ciki, na gaji da ganinsu, duk inda ka shiga a duniya iri ɗaya ne.

Na uku, in da hali a sa soket.

Bayan_Kanta:
Soket! Nan ne za mu ɓata da ke ƙanwata. Mutum ya sayi kofi ɗaya, ya buɗe kwamfuta, ya toshe kunne, ya riƙe teburin mutum huɗu awa huɗu. Biyar irinsa suka taru wurin ya zama ofis, mai son dariya ma sai ya ji kamar yana damun mutane.

Ɗan_Lantarki:
Wannan ai mai sauƙi ne. A yi siririn katako a jikin taga mai kujeru huɗu ko biyar, a sa soket a nan kaɗai. Inda babu soket batiri ne zai tashi mutum, ba sai ma'aikaci ya yi baƙin jini ba.

Tsohon_Kafinta:
Maganar taga, a yi hattara. Masu zaman ciki ba banza suka so fentin ba. Ba kowa ke son duk mai wucewa ya ga yana zaune ba. A kankare sama, a bar ƙasa da gilashi mai hazo daidai kan mutumin da ke zaune. Na waje zai ga haske da kanta da motsin mutane, na ciki kuma bai zama abin kallo ba.

Malamar_Zamantakewa:
Baba ya faɗi a layi uku abin da wani masanin labarin ƙasa na Ingila, Jay Appleton, ya rubuta a 1975: ɗan Adam ya fi samun natsuwa a inda yake gani ba a ganinsa. Shi ya sa a kowane wurin zama kujerun jikin bango da na kusurwa ke fara cika, na tsakiya su zama na wanda ya makara. Don haka bencin nan na jikin bango kada ya tafi, a sake masa soso da fata kawai. Wani kuma, William Whyte, ya kafa kyamara a filayen Niyok a shekarun 1970 yana kallon yadda mutane ke zama, ya lura mutum kan ja kujera ko da taku ɗaya ne kafin ya zauna, ba don wurin farko na da aibi ba, sai don ya ji shi ya zaɓa. Kada ki kafe teburi da ƙusa. Ki bar su a iya haɗa biyu in abokai sun yi yawa.

Injiniyan_Sauti:
An yi maganar ido da yawa, ba wanda ya taɓa kunne, alhali a ganina shi ne ya fi korar tsofaffi a wuraren da aka gyara. Ku duba abin da ake yayi: a cire silin a bar kankare, a cire labule, a zuba tayil ko siminti a ƙasa, a sa manyan gilasai, kujeru na ƙarfe. Duk abin da ke shanye ƙara an fitar, an bar masu mayar da ita. Sai amsa-kuwwa ta cika ɗaki.

Daga nan abin da wani likitan kunne ɗan Faransa, Etienne Lombard, ya bayyana a 1911 zai fara aiki: in hayaniya ta ƙaru mutum kan ɗaga murya ba tare da ya sani ba. Teburin farko ya ɗaga, na biyu ya ɗaga don ya ji kansa, haka har kowa ya koma ihu. Hira ta yau da kullum kusan desibel 60 ce, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Wurin da ya cika kuma babu abin shanye ƙara yana iya haura 80, kuma 85 na tsawon awa 8 shi ne inda ake fara tsoron lalacewar ji ga ma'aikaci. Matashi zai jure. Mai shekaru wanda kunnensa ya fara rauni abin da ke fara kuɓuce masa shi ne tsinto muryar abokinsa a cikin hayaniya. Zai yi ta gyaɗa kai yana murmushi bai ji komai ba, sati biyu ya daina zuwa, kuma in an tambaye shi cewa zai yi wurin ya canza, ba zai ce kunne ba ne.

Magani: silin ne fili mafi girma da ba kowa a kai, a fara da shi. Allunan shanye ƙara a sama, majinginar benci mai laushi, labule mai kauri a bango ɗaya. Lasifika ƙanana da yawa a ƙaramar murya sun fi manya biyu masu tsawa, kuma a bar kusurwa ɗaya babu lasifika sam. Gwaji mai sauƙi Anti: ki tsaya tsakiyar ɗakin babu kowa ki tafa hannu sau ɗaya. In kin ji ƙarar tana jan jela, akwai aiki.

Mai_Arha:
Ba sai an sayi allunan nan masu tsada ba, soso irin mai kama da kwalin ƙwai ma yana yi. A manna a silin a fesa baƙin fenti.

Kashe_Gobara:
@Mai_Arha don Allah ka janye wannan maganar kafin wani ya ɗauka. A watan Fabrairun 2003 gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Station a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 100 suka mutu. Abin da ya ci wutar soso ne da aka manna a bango don rage ƙara, tartsatsin wasan wuta ya taɓa shi, cikin 'yan mintuna hayaƙi mai guba ya cika ginin. Irin haka ya sake faruwa a garin Santa Maria na Birazil a 2013, mutum 242, da Bukarest ta Romaniya a 2015. Duk soso. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ake sa wa shi ne audugar nan da ake yi da narkakken dutse, ba ta cin wuta, a rufe ta da yadin da aka yi wa gwajin gobara. Labulen da Injiniya ya ambata ma haka.

Sannan ƙofa. A gobarar gidan rawa na Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, Nuwamban 1942, mutum 492 suka rasu. An ƙawata wurin da yadi a silin da bishiyoyin da aka yi da takarda, babbar ƙofar mai juyawa ce ta cushe, wasu ƙofofin a kulle, wasu kuma ciki suke buɗewa. Tun daga nan aka tsaurara dokar cewa ƙofar fita waje take buɗewa. Anti, ki duba ƙofar baya ta wurin nan. Na rantse miki akwatunan kwalabe ne jibge a gabanta, kusan ko'ina haka muke tararwa.

Mai_Zanen_Ciki:
Wallahi kamar ka je ka gani. Har da tsohon firij.

Mai_Arha:
Na janye, ban san haka abin yake ba.

Injiniyan_Sauti:
Ƙarin bayani kan abin da Kashe_Gobara ya kawo: a raba abu biyu. Shanye ƙara a cikin ɗaki daban, hana ta fita waje daban. Soso ko allo ba sa hana maƙwabci jin kiɗa, wannan aikin nauyi ne da toshe kafa: bango mai kauri, gilashi mai ninki biyu, ƙofa biyu a jere da ɗan fili tsakaninsu. Kuma a unguwar da ke canzawa wannan zai taso, don wanda ya biya haya mai tsada a bene na sama shi ne zai fara kai ƙara. A Ingila tun 2018 tsarin ba da izinin gini ya ɗora wa mai sabon gini nauyin kare gidajensa daga ƙarar wurin da ya tarar a unguwa. Inda babu irin wannan, mai mashaya ce za ta kare kanta tun yanzu.

Mai_Keken_Guragu:
Tunda za a taɓa ƙofa, a tuna da mu. Matakala ɗaya tak a bakin ƙofa ta ishe ni in koma gida. Gangara ta zama 1 cikin 12, wato in tsayin matakalar santimita 15 ne, tsawon gangarar ya kai 180. Faɗin ƙofa kada ya gaza 80 in an buɗe, banɗaki kuma a bar da'irar 150 don juyawa. Kantar 110 da ake ta yabo ni goshina take kaiwa, a sauke wani ɓangare nata zuwa kusan 85. Kuma ba don ni kaɗai ba, dattawan da kuke son riƙewa nan da shekara biyar wasunsu da sanda za su zo.

Tsohon_Kafinta:
Ba sai an yanke tsohuwar ba. A ƙara mata gajeren reshe a ƙarshenta da sabon katako, kuma a bar shi ya nuna sabo ne. Shekara goma zai kamo 'yar'uwarsa.

Ɗalibin_Gini:
Ni tambayata kan ƙanƙantar wurin ce. An koya mana wata mashaya a Biyana ta ƙasar Ostiriya da Adolf Loos ya zana a 1908, ba ta kai murabba'in mita 30 ba, amma ya sa madubai a sama da tsayin mutum, sai silin ya zama kamar ya zarce zuwa wasu ɗakuna, kuma ba wanda ke ganin fuskarsa yana sha. Ba za a iya yin haka a nan ba?

Injiniyan_Sauti:
Dabara ce mai kyau ga ido, amma madubi gilashi ne, gilashi kuma ƙara yake mayarwa. Bango ɗaya ya isa.

Gaskiya_Ɗaci:
Na karanta duk abin da kuka rubuta. Silin, gilashi mai ninki biyu, gangara, banɗaki, sabon layin wuta. Ku tara kuɗin ku gaya min ko ba inda na fara muka dawo ba. Kuma ko an yi duka, shekara uku mai ginin zai ga wurin ya yi kyau ya sake ƙara haya, ko ya sayar wa masu gina bene. Gyaran da kuka yi shi ne ma zai ɗaga darajar ginin. Kun yi wa wani kwalliya da sabulunku.

Malamar_Zamantakewa:
Wannan kam ba zan musa ba, shi ya sa kafin a kashe ko sisi ya kamata ta nemi yarjejeniyar haya mai tsawo a rubuce. Amma ba kullum mai rusau ke cin nasara ba. A Landan an rushe wata tsohuwar mashaya, Carlton Tavern, a Afrilun 2015 ba tare da izini ba, hukumar yankin ta tilasta a sake gina ta yadda take, aka buɗe a 2021. Wata kuma, Ivy House, mutanen unguwa ne suka haɗa kuɗi suka saye ta a 2013. Abin da ya sa aka tsaya musu shi ne akwai mutanen da ke jin wurin nasu ne, tsofaffi da sababbi. Wurin da ya kori masu zamansa ranar da aka zo rushe shi ba mai fitowa.

Gaskiya_Ɗaci:
Biyu kika lissafa Malama. Waɗanda aka rushe shiru fa?

Mai_Zanen_Ciki:
Na gode ƙwarai jama'a, na dawo da rahoto. Na ajiye zane na je na zauna a wurin dare uku da littafi, ina rubuta wa ke zama ina, ƙarfe nawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ashe masu zuwa kullum mutum 9 ne, kuma duk a ƙarshen kanta ta hagu da teburi biyu na kusa da ita suke taruwa. Rabin ɗakin na gaba, wajen tagogi, kusan babu mai zama. Ke nan ba sai na raba su da komai ba: a bar lungunsu yadda yake, a gyara benci da haske, sabon aikin ya tafi gaba. Tagogi kamar yadda Baba ya ce, soket a jikin taga, silin da audugar dutse, ƙofar baya an riga an kwashe kayan. Gilashi mai ninki biyu sai baɗi in kuɗi ya samu. Maganar haya na isar mata, ta yi shiru, da alama ba ta da takarda mai ƙarfi.

A dare na uku ɗaya daga cikin dattawan ya gane abin da nake yi. Bai tambaye ni fenti ko kujera ba. Agogon bango ya nuna min, wanda ke gaba da minti goma tun zamanin mahaifinta, ya ce kada a gyara shi. Hotunan ma ashe kowanne akwai mai shi, biyu daga cikin mutanen ciki sun rasu. Na ce za a sake musu gilashi a mayar da su inda suke.

Inda muka maƙale yanzu talabijin ce. Mai wurin tana so a cire, wai tana kashe hira. Su kuma don ƙwallo rabinsu ke zuwa.

Bayan_Kanta:
Kada ta kuskura. A sa ta a cikin akwati mai ƙofa, a buɗe ranar wasa, a rufe sauran ranaku.

Sabuwar_'Yar_Haya:
Wa ya ce mata sababbin ba sa kallon ƙwallo? Ni ranar wasa ce ma na fara sanin sunan maƙwabtana.

Injiniyan_Sauti:
In za ta zauna, kada a rataye ta a kusurwar da muka ce babu lasifika, in ba haka ba aikin banza muka yi.

Mai_Zanen_Ciki:
To ai matsalar ke nan, a daidai wannan kusurwar take, kuma ita ce lungun dattawan.

Tsohon_Kafinta:
Wannan ku da masu kunne ku warware. Ni dai 'yata ki ɗauko min hoton ƙasan kantar nan ta ciki, kusa da famfo, da haske sosai. Ki soka tsinken sukundireba a katakon ki gaya min iya inda ya shige.